Kalli-Nan Mai Hoto da Autarsa

A layin da shagonsa yake babu mai kiransa da sunan da iyayensa suka raɗa masa. Yara da manya Kalli-nan suke ce masa, domin kalmar da aka fi ji a bakinsa ke nan. Zai sunkuya bayan kyamara, ya ɗaga yatsa ɗaya sama, ya ce, "Kalli nan," sai fitila ta haska. In ka cire wannan da gaisuwa, yana iya wuni bai ce uffan ba.

A hannun kawunsa ya koyi aikin. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, kawun ya ɗauke shi, ya fara da sharar shago da riƙe fitila, har ya kai ga shiga ɗakin duhu inda ake wanke hoto. Kawun mutum ne mai barkwanci, wanda zai sa mai zaman makoki ma ya yi murmushi. Da ya tsufa ya bar masa shagon, Kalli-nan ya gaji kyamara, ya gaji labulen bango mai zanen korama, ya gaji kujerar katako mai hannu, amma bai gaji bakin ba.

Duk da haka ya iya aiki. Lokacin da kasuwarsa ke ci, in ƙarshen mako ya zo shagon ba ya ɗaukar jama'a. Iyali guda za su shigo an ci ado, kaka a kan kujera, maigida da matarsa a tsaye bayanta, yara a durƙushe a gaba. Ya san yadda zai karkata haɓar tsohuwa don kada inuwa ta faɗa mata a ido. Ya san yadda zai kaɗa makullai ɗan rigima ya tsaya cak. Har miji da matar da suka yi faɗa kafin su fito daga gida yana gane su, don kafaɗunsu ba sa taɓa juna. Sai ya zagayo ya ce, "A ɗan matso," ya haɗa su da hannunsa.

A shagon ya haɗu da matarsa. Ta zo hoton fasfo za ta shiga makarantar koyon jinya. Da ta dawo karɓa ta duba, ta ce ya yi mata kunne ɗaya babba ɗaya ƙarami. Ya ce, "Haka na same su." Ta yi ta dariya har da dafa bango. Mutanen layin sun ce wannan ce raha ɗaya tak da aka taɓa ji ya yi, ita ce kuma ta samo masa mata.

Suka kama haya a saman bene, ɗaki biyu da falo, da baranda mai kallon tashar mota. Suka haifi namiji, bayan 'yan shekaru suka haifi mace, ita ce Auta. Nas, yadda kowa ke kiran matar, Allah ya yi ta da son hira. Za ta dawo daga asibiti da labari cike da baki, wanda ya warke, wanda ya rasu, likitan da ya yi mata tsawa. Shi kuma ya saurara ya ce, "To." In labarin ya yi zafi ya ce, "Allah ya kyauta." Bai taɓa zaginta ba, bai taɓa ɗaga mata hannu ba, bai taɓa barin gidan babu cefane ba. Da za ka tambaye shi, zai ce maka lafiya lau suke zaune. Ita kuwa ta taɓa ce wa yayarta zama da shi kamar zama da kabad ne, yana nan inda ka ajiye shi, yana da amfani, amma ba za ka yi hira da shi ba.

Ba faɗa ne ya kashe auren ba. An yi wa Nas canjin wurin aiki zuwa asibitin wani gari, aka ce in ba ta so tana iya ƙi. Ta same shi yana goge gilashin kyamara, ta gaya masa, ta tsaya tana kallonsa. Jira take ya ce kada ta tafi. Ya ce, "Yadda kika gani." Ta tafi da Auta, wadda ba ta gama firamare ba, aka bar masa babban saboda makaranta. Da farko Nas takan zo ƙarshen mako, sannan ƙarshen wata, daga baya ta aiko yayarta ta ce ya sauwaƙe mata. Ya sauwaƙe mata.

Auta takan zo hutu. Za ta zauna a kusurwar shago tana lilo da ƙafa, tana kallonsa yana jera iyalan mutane. Da rana ya tambaye ta, "Kin ci abinci?" In hutu ya ƙare ya saya mata takalmi ya raka ta tasha. Da ta gama sakandare zuwan ya ja baya, har ya tsaya. Babban ya samu aikin ofis, ya yi aure, ya koma can wani gefen gari. Kalli-nan ya rage shi kaɗai a saman benen. Tukunya ɗaya ya ware yana girki a ciki, yana cin abincinsa a tsaye a kicin. Rediyo yake kunnawa tun daga ƙofa, ba don yana sauraro ba, don dai gidan ya ji motsi. Ɗakin yaran ya bar shi yadda yake, yakan shiga ya buɗe taga iska ta shiga, ya sake rufewa.

Kasuwa ma ta juya masa baya. Kowa ya zama mai hoto da wayarsa. Abin da ya rage masa sai hoton fasfo, da tsofaffin hotunan da ake kawo masa ya gyara, na iyayen da suka rasu. Shi ya sa yake da lokacin zama a bencin ƙofar shago da yamma, inda tsofaffi uku suka mayar majalisarsu: Hedimasta mai ritaya, da Direba wanda ciwon baya ya sauke daga mota, da Mai Kemis na kusa da shi. Batunsu kusan kullum ɗaya ne, yaran yanzu.

"Tarbiyya ta ƙare," in ji Hedimasta, yana buga sandarsa a ƙasa. "Yaro ya wuce ka da waya toshe a kunne, wando a yage da gangan, ka gaishe shi kai da kake sa'an kakansa, ya ɗaga maka yatsa. Mata sun aske kai, maza sun yi kitso. Gida ya watse, kowa na neman a kalle shi."

"Ranka ya daɗe, daga sama suka faɗo?" in ji Direba. "Mu muka haife su fa. Ni 'ya'yana sun fi sanin ƙarar motata a kan muryata. Yanzu na zauna ina son hira, su kuma sun saba babu ni."

Mai Kemis, wanda ke ba kowa gaskiya kamar yadda yake yi wa masu sayen magani, ya ce, "Duk kuna kan hanya. Amma ku dubi zaman ma. Uwa ta fita aiki, uba ya fita aiki, gida ya zama wurin cajin waya."

"Mu a zamaninmu in abu ya dame ka haɗiyewa kake yi," in ji Hedimasta. "Ba ka fita titi kana shela."

"Shi ya sa dukanmu muke layin maganin hawan jini a wurin wannan," in ji Direba, yana nuna Mai Kemis.

Aka yi dariya. Kalli-nan ya yi murmushi. Shi nasa sauraro ne, kuma sun daɗe da daina jiran ra'ayinsa.

Wata ranar da yamma Hedimasta ya iso da saurinsa, waya a hannu. Ya ce jikarsa ce ta nuna masa wani bidiyo da yara ke ta yaɗawa, wai har kuka suke yi a kansa. "Ku zo ku ga abin da nake faɗa. Yarinya ta zauna tana tona asirin gidansu duniya na kallo."

Suka haɗa kai a kan wayar. Wata budurwa ce zaune a ƙasa, ta jingina da bango ƙarƙashin taga. Hasken tagar ya rufe ta, fuskar ba ta fita sai inuwa. Magana take a hankali, ba kuka ba ihu.

"Babana mutumin kirki ne," in ji ta. "Duk unguwa za su ba da shaida. Bai taɓa dukana ba. Amma na girma ban san abin da ke sa shi dariya ba, ban san abin da yake tsoro ba. Ranar da mamana ta haɗa kaya, na tsaya a matakala ina jira ya tare ƙofa. Sai na ga ya ɗauki akwatin da kansa ya sauka da shi, ya sa a bayan mota, har yana gyara masa zama don kada ya faɗi a hanya. Ana cewa mu yaran yanzu mun cika surutu, ba mu da sirri. To ni a gidan sirri na tashi, kuma sirrin ne ya cinye gidan."

Tun kalmar farko Kalli-nan ya gane muryar. Da ta kai hannu tana murza kunnenta, yadda uwarta ke yi in magana ta yi nauyi, sai ya tabbata Auta ce. Direba ma ya gane, don shi ya ɗauki Nas da Auta a motarsa ranar, a gabansa aka gyara zaman akwatin. Ya miƙa hannu zai karɓe wayar. "Kai, Hedimasta, kashe abin nan, cajinka zai ƙare."

"A bari ta gama," in ji Kalli-nan.

Aka bari ta gama. Hedimasta ya girgiza kai. "Kun ji ko? Uba ya ciyar, ya tufatar, ya biya makaranta, sakayyarsa ke nan. Da 'yata ce, wallahi da ba ta sake taka mini gida ba. Kai mai hoto, me ka gani?"

Kalli-nan ya daɗe yana kallon wayar da ta riga ta yi duhu. Sannan ya ce, "Hasken yana bayanta." Ya tashi ya shiga shago ya ja labule.

Washegari da safe Hedimasta ya zo shi kaɗai, hula a hannu. Direba ya gaya masa ko 'yar wa ce. Ya tsaya a ƙofa yana kame-kame, abin da ba a saba gani ba. "Ban sani ba, ka yafe mini. Bakina ne ya riga hankalina." Ya juya zai tafi, sai ya tsaya. "Amma in gaya maka gaskiya, har yanzu ina ganin ba daidai ta yi ba." Kalli-nan ya ce ba komai, ya gode.

Dangi kuwa sun gani, don a shafinta ta sa. Gwaggon yaran, ƙanwarsa, ta kira tana kuka tana cewa uwar ce ta zuga ta. Babban ɗan ya zo gida har sama, da kayan ofis a jikinsa, ya ƙi zama.

"Baba, ta zubar mana da mutunci. Matata ta gani, surukaina sun gani. Na kira ta na ce ta cire, ta kashe mini waya. Ka ba ni izini kawai in je in same ta."

"Abin da ta faɗa, ƙarya ne?"

"Ba maganar ƙarya ko gaskiya ba ce, Baba. Ba a faɗa ne."

"Kai ma haka ka ji? Da kake nan tare da ni?"

Ɗan ya dubi makullin motar da ke hannunsa, ya juya shi. Ya ce, "Ni na saba."

Wannan ta fi bidiyon yi masa ciwo. Ya ce wa ɗan ya ƙyale ƙanwarsa, kada ya sake kiranta a kan maganar.

Ya daina zama a benci. Ya sa Mai Kemis ya tura masa bidiyon a wayarsa, yakan kalla da safe kafin ya buɗe shago, shayinsa na hucewa. Ya koyi gangarawa ƙasa inda mutane ke rubuta ra'ayinsu. Wasu na zaginta, suna cewa marar kunya. Amma da yawa yara ne, kowa na cewa gidansu ke nan, babansa ke nan, mamarsa ke nan. Wani ya ce shi nasa uban da duka ya raine shi, da ya samu mai shiru da ya gode Allah. Kalli-nan ya karanta wannan sau da yawa, bai ji sanyi ba. Ya sha ɗauko lambarta ya tsaya yana kallo. Ya san in ta ɗauka zai ce, "Kin ci abinci?" daga nan maganar ta ƙare.

Makonni suka wuce a haka. Wata safiya ya kwance ɗaya daga cikin fitilun shagon, mai ƙafa uku da lema, ya naɗe ta da tawul, ya karɓi kwatance a wurin yayar Nas, ya hau mota. Duk tsawon tafiyar a cinya ya riƙe ta, ya hana yaron mota ya sa ta a cikin kaya.

Auta na zaune da ƙawayenta biyu a wani gidan haya bayan wata makaranta. Aikin zanen allunan talla take yi a wani wurin buga takardu. Ita ta buɗe ƙofa. Ta aske gashinta ƙasa-ƙasa ta rina shi ja, da ɗan ƙarfe a hanci, da rigar aiki duk fenti. Ya dube ta, ta dube shi. Ta ɗan rusuna.

"Baba. Sannu da zuwa. Yaya ne ya turo ka?"

"Ni na turo kaina."

Ƙawayen suka gaishe shi suka sulale. Ta shimfiɗa masa darduma, ta kawo ruwa, ta zauna can nesa ta haɗe rai, kamar mai jiran hukunci. Ya ga tagar, ya ga bangon da ta jingina. Ya fara kwance tawul.

"Na ga abin da kika yi," ya ce. "In za ki sake, kada ki ba taga baya. Fuskarki ba ta fita ba. Ki ajiye wannan nan, ta gefen hagu, ki ɗan ɗaga ta sama da kanki."

Ta kalli fitilar, ta kalle shi.

"Baba, a shagonka fa na yi hutu. Na san inda ake sa haske. Da gangan na ba taga baya, don in ya yaɗu kada mutanen layinku su gane ni, balle su gane kai ne."

Ya tsaya da ƙafar fitila a hannu. Bai taɓa kawo wannan a ransa ba. Ya ce, "Au." Ya zauna.

Ana jin yaran makarantar suna karatu da ƙarfi ta bayan katanga. Ita ta fara magana.

"Ba zan cire ba."

"Ban ce ki cire ba."

"Ban yi maka ƙarya ba."

"Ban ce kin yi ba."

"To ka yi fushi mana, Baba! Ka zage ni, ka ce na ci amanarka. Ka ce wani abu!" Yanzu kuka take sosai. "Me ya sa ba ka ce Mama ta zauna ba? Kalma ɗaya fa take jira. Ni da nake yarinya na gani, kai ba ka gani ba?"

Ya sunkuyar da kai yana murza gefen tawul. Da ya buɗe baki maganar ta fito a guntu-guntu, kamar mai tura mota a kan tudu.

"Na gani. Tsoro na ji. Na ce in na ce ta zauna ta ce a'a, ban san inda zan sa kaina ba. In kuma ta zauna don na roƙa, kullum zan riƙa ganin na daure ta. Akwatin kuma... ban san me zan yi da hannuwana ba ne, 'yar nan. Shi ya sa na ɗauka." Ya numfasa. "Ni a gidan kawu na tashi. Ɗan riƙo ba ya cewa ina so. Na girma, na yi gidana, ban iya ba."

Auta ta share fuska da hannun riga, fenti ya shafi kumatunta. Ta ce, "Ban taɓa jin ka yi magana mai tsawon wannan ba."

"Ni ma," in ji shi.

Ta dafa masa shinkafa suka ci, ta nuna masa zane-zanenta a kwamfuta. Wasu ya gane su, wasu bai gane ba, ya kuma faɗa mata bai gane ba. Ya dubi jan gashin ya ce bai yi masa kyau ba. Ta ce ba don shi ta rina ba. Ya ce haka ne. Kafin la'asar ta raka shi tasha, fitilar kuma ta ce a bar mata.

Abin bai gyara gidan ba, don babu gidan da za a gyara. Nas ta daɗe da yin wani auren. Auta ba ta dawo garin ba, bidiyon yana nan, ta ma yi wasu a bayansa, waɗanda gwaggonta ke kira tana kawo ƙara a kansu. Auta takan kira uban jifa-jifa, wani lokaci a jere, wani lokaci ta yi wata ba a ji ta ba. In ta kira, yawanci ita ke magana.

Ya koma benci. Musun yana nan inda ya bar shi, Hedimasta bai sauka daga ra'ayinsa ba, Direba bai daina tsokanarsa ba. Sau ɗaya dai, da Hedimasta ya ce yaran yanzu ba su san darajar shiru ba, Kalli-nan ya ce, "Wani shirun ba daraja ba ce, rashin iyawa ne." Duk suka juyo suna kallonsa. Bai ƙara komai ba, su ma ba su ja ba.

Wanda ya fi ba shi wuya shi ne babban. Auta ta faɗi nata ta huta, shi kuwa ɗan ya ɗauko halin uban tsaf, gaisuwa da aike, shi ke nan. Wata ranar hutu da hantsi Kalli-nan ya zauna a baranda ya kira shi. Bayan gaisuwa bai kashe ba. Ya shiga ba shi labarin famfon kicin da ke ɗiga, da mai gyaran da ya zo ya ƙara lalata shi, da yadda ruwa ya gangara wa maƙwabtan ƙasa har matar gidan ta hawo da tsintsiya a hannu. Labarin ba shi da kai ba shi da gindi, ya kuma san bai iya bayarwa ba, amma ya daure ya kai ƙarshe.

Ɗan ya ce, "Baba, lafiya dai? Ko jikin ne? In zo in kai ka asibiti?"

"Lafiyata ƙalau. Hira nake yi."

"To," in ji ɗan. Can ɗan ya ce, "Zan turo wani mai gyaran gobe."

"To, Allah ya yi albarka. Ka gaida mutan gidan."

Ya ajiye wayar a kan cinya. A ƙasa motoci na ta lodi, masu kiran fasinja na ta ihu. Ya zauna yana kallonsu har rana ta iso barandar, sannan ya ja kujerarsa ya koma ciki.